Abyane: jan ƙauyen da ke rayuwa da dusar ƙanƙarar dutsen Karkas

Mai Taswira: Assalamu alaikum jama'a. Hotunan Abyane sun sake yawo, ƙauyen nan na Iran mai jajayen gidaje da suka hau jikin dutse hawa-hawa. Yawancin masu turawa launin ne ya ɗauke musu hankali. Ni kuwa ina ganin sai an fara da tsayin wurin da kuma ruwansa kafin a gane sauran.

Ƙauyen yana lardin Isfahan, gundumar Natanz, cikin kwarin kogin Barzrud, a gefen arewa maso yamma na duwatsun Karkas. Tsayinsa daga doron teku mita 2,200 ne da 'yan kai, ƙololuwar Karkas kuwa ta kusa mita 3,900. Daga Natanz kimanin kilomita 40 ne, daga Kashan kusan 80. Idan mutum ya bar hanyar Kashan zuwa Natanz a wajen Hanjan, sai ya yi ta hawa cikin kwarin, ya wuce Komjan da Barz, Abyane na can wajen ƙarshe.

A kwatanta da Kashan, wadda ke zaune a bakin hamadar Dasht-e Kavir, tsayinta bai cika mita 1,000 ba. A watan Yuli zafinta kan haura digiri 40, ruwan da take samu a shekara kuma bai kai milimita 150 ba. Zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000. Tsakanin Kashan da Abyane akwai hawan mita 1,200 ko fiye, bambancin digiri 8 ke nan. Ranar da Kashan ke 41, Abyane na wajen 33, dare kuma ya yi sanyi sosai. A Janairu wannan bambancin ne ke sa abin da ya sauka ruwa a ƙasa ya sauka dusar ƙanƙara a sama. Duk rayuwar ƙauyen a kan wannan ta ratayu.

Baban Zainab: Wa alaikumus salam. Malam, a fayyace abu ɗaya tun yanzu, don kada mai karatu ya ɗauka damina tana zuwa da zafi irin tamu. Can akasin haka ne. Hadari daga wajen Bahar Rum yake tasowa, daga Nuwamba zuwa Afrilu, wani lokaci ya taɓa Mayu. Kafin ya iso tsakiyar Iran, duwatsun Zagros sun riga sun tatse shi, ragowar ce Karkas ke kamawa saboda tsayinsa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa da wuya ɗigo ya sauka. Lokacin da shuka ta fi buƙatar ruwa, sama a bushe take.

Shi ya sa manomin irin wannan kwari dutse yake dubawa a ƙarshen hunturu. Dusar da ta taru a sama tana narkewa a hankali daga Maris, wani ya gangaro ta kogi, wani ya nutse cikin tsakuwa ya fito a idanun ruwa bayan makonni ko watanni. Shekarar da aka samu yawan ruwan sama amma dusar ta yi kaɗan, an yi asara, domin ruwan sama a rana ɗaya yake wucewa a matsayin ambaliya.

Malamar Tarihi: Na yarda da ku a kan ruwa, amma ruwa kaɗai bai isa ya bayyana Abyane ba. Ƙauyukan da ke da ruwan dutse a Iran ba su ƙirguwa, kaɗan ne suka riƙe harshensu da suturarsu da gininsu haka. Abin da ya ƙara wa Abyane shi ne kasancewarsa a ƙuryar kwari, nesa da hanyar ayari. Rundunoni da fatake ta gindin dutse suke wucewa, tsakanin Kashan da Natanz da Isfahan.

Ku dubi harshen. Mutanen garin suna jin Farisanci, amma nasu yaren dabam ne, yana cikin rukunin yarukan tsakiyar Iran, dangin waɗanda ake ji a wasu ƙauyukan yankin Kashan irin su Kohrud. Farisancin yau ba ya bambanta jinsin namiji da mace a nahawu, yaren Abyane kuwa ya riƙe wannan bambanci. Tsohon abu ne da birane suka yar tuntuni.

Sai ginin Harpak, wurin bautar wuta na mabiya addinin Zartusht, waɗanda littattafanmu ke kira Majusawa. Gini ne mai ginshiƙai huɗu da bakuna huɗu, irin fasalin zamanin Sasaniyawa, daular da ta mulki Farisa daga 224 zuwa 651. Har yau lungu yana bi ta ƙarƙashinsa. Wannan ya sa nake cewa shekara 1,500 ita ce shekarun da gini ke iya tsaya wa ƙauyen shaida. Masu rubuta shekara 4,000 a ƙarƙashin hoto suna haɗa shi ne da tsufan yankin baki ɗaya, domin tudun Sialk, kufan wani tsohon gari a Kashan, ya haura shekara 7,000. Tsufan Sialk na Sialk ne.

Akwai kuma ganuwoyi uku a kan tuddan da ke kewaye, inda unguwannin garin ke fakewa idan mahara sun taso. Kada a ɗauka tsoron na zamanin da can ne kawai. Har farkon ƙarni na 20 yankin Kashan yana fama da 'yan fashi, Nayeb Husaini Kashi da ɗansa Mashallah Khan da mutanensu, sai a 1919 gwamnati ta kama su ta kashe su.

Abu Safwan: Malama, to ai wannan keɓewar ce ta sa Musulunci bai shiga garin ba sai zamanin Safawiyya. Abin da ake faɗa a garin shi ne sun zauna kan addinin Zartusht har lokacin Shah Isma'il, wanda ya kafa daular Safawiyya a 1501, kuma waɗanda suka ƙi karɓar sabon addini suka yi ƙaura zuwa Yazd, wasu har Indiya. In haka ne, shekara 850 ke nan bayan faɗuwar Sasaniyawa suna kan addinin kakanninsu.

Malamar Tarihi: Malam Abu Safwan, labarin yana nan kuma ba na yar da shi, amma katako ya ƙi yarda da rabinsa. A masallacin Juma'a na garin akwai mumbari na katako mai ɗauke da shekarar 466 Hijira, wato 1073 zuwa 1074, da mihrabi na katako mai shekarar 477, wato 1084 zuwa 1085. Zamanin daular Turkawan Saljuƙawa ne, lokacin Sarki Malik Shah da ya mai da Isfahan babban birninsa. Ba a sassaƙa mumbari mai ayoyi a garin da babu jam'in Juma'a. Akwai kuma masallacin Porzale na zamanin Ilkhaniyawa, sarakunan Mongol na Iran, farkon ƙarni na 14. Duka biyun sun riga Shah Isma'il, na farkon da fiye da shekara 400.

Abin da ya dace da shaidun duka shi ne al'umma biyu sun zauna tare tsawon ƙarnoni, Musulmi da Majusawa, a gari ɗaya, suna shan ruwa ɗaya. Haka aka yi a wurare da dama na tsakiyar Iran, juyawar ta ɗauki lokaci. A zamanin Safawiyya matsi ya ƙaru a kan waɗanda suka rage, sai ƙarshen abin ya zauna a bakin mutane kamar shi ne dukan labarin.

A ƙara da cewa yankin ba baƙon Shi'anci ba ne tun kafin Safawiyya, Kashan da Kum sun daɗe da shahara da shi. A Abyane akwai hubbaren da ake dangantawa da Isa da Yahaya, waɗanda mutanen garin ke cewa 'ya'yan Imam Musa al-Kazim ne.

Abu Safwan: Hujjar mumbarin tana da ƙarfi, Malama. Sai dai mumbari ɗaya ba ya gaya mana su wa suka fi yawa a garin a 1073. Zai yiwu Musulmin 'yan tsiraru ne masu goyon bayan hukuma.

Malamar Tarihi: Zai yiwu ƙwarai, kuma bai saɓa wa abin da na faɗa ba. Abin da na ƙi shi ne a ce bai shiga ba.

Injiniyan Ruwa: Ku ba ni dama in koma kan ruwa, don Malama ta ce suna shan ruwa ɗaya, kuma a irin wannan wuri wannan magana ce mai nauyi. Ban da kogin da idanun ruwa, ana lissafa wa Abyane ƙanat bakwai. Ƙanat rami ne na ƙarƙashin ƙasa da ke jawo ruwa daga gindin dutse zuwa gona ba tare da inji ba, gangara kawai.

Ga yadda masu aikin, waɗanda ake kira muƙanni, suke yi. Da farko a nemi inda ruwa ke kwance cikin tsakuwar gindin dutse, a haƙa uwar rijiya har a same shi, a yi kwanaki ana ɗiba ana auna yadda yake dawowa. In ya gamsar, sai a auna da igiya da ma'auni inda bakin fita zai kasance a ƙasa. Haƙar ramin daga bakin fita ake farawa a nufi uwar rijiya, domin a yi aiki a busasshiyar ƙasa, ruwan da aka tarar daga baya kuma ya bi ta bayan mai haƙa ya fita. Wanda ya fara daga sama ruwa zai ci shi.

Faɗin ramin bai wuce santimita 60 zuwa 80 ba, tsayinsa mita ɗaya da 'yan kai, daidai mutum a durƙushe. Duk mita 20 zuwa 50 a sauke rijiya daga sama, ta nan ake fitar da ƙasa da guga da keken katako, ta nan iska ke shiga. Ƙasar da aka fitar a zagaye bakin rijiyar da ita don kada ambaliya ta faɗa ciki. Fitilar mai tana aiki biyu: in harshenta ya fara mutuwa, iska ta ɓaci, a fita, in kuma an jera fitilu biyu a baya, mai haƙa yana dubansu ya san bai karkace ba.

Gangarar ita ce sirrin: kamar mita ɗaya a cikin 1,000 zuwa 1,500. In ta fi haka, ruwan ya yi gudu ya zaizaye gindin bango, ramin ya rufta. In ta gaza, ruwan ya kwanta, laka ta taru ta toshe. Inda ƙasa ke da taushi ana jera zobba na gasasshen yumɓu su tallafe rufin.

Amma kada a ɗauki ƙanat na kwarin dutse daidai da na fili. Na garin Gonabad a gabashin Iran, wanda ke cikin guda 11 da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2016, uwar rijiyarsa ta kai zurfin mita 300, tsawonsa ya haura kilomita 30, ruwansa ba ya jin fari na shekara ɗaya. Na cikin kwari gajeru ne, ba su da zurfi, suna shan ruwan da ya nutse a bana. Sukan cika a Afrilu da Mayu, su ja baya a Agusta da Satumba. Hunturu ɗaya mara dusa, a gani a lambu.

Abubuwa uku ke kashe ƙanat. Rashin yasa, domin kowace shekara ko biyu sai an kwashe laka da saiwoyi. Ambaliya da ta samu buɗaɗɗiyar rijiya. Sai rijiyar burtsatse mai inji, wadda ta yaɗu a Iran tun daga shekarun 1960: in ta sauke matakin ruwa ƙasa da gindin uwar rijiya da ko mita biyu, ƙanat ya bushe ƙurmus alhali ramin lafiyarsa lau. Dokar Iran ta san haramin ƙanat, wato filin da ba a yarda wani ya haƙa rijiya a cikinsa ba, ta ware masa gaz 500 ta kowane gefe a ƙasa mai taushi, 250 a mai tauri, gaz ɗaya kuwa kusan mita ɗaya ne. An yi wannan ma'auni ne don rijiyar hannu. Inji yana jan ruwa daga nesa da haka.

Ɗan Lambu: Injiniya, ka taɓo rabon ruwan, don a nan rigima take.

Injiniyan Ruwa: A ƙauyukan tsakiyar Iran ruwa da lokaci ake mallakarsa. Ana da zagaye, misali kwana 8 ko 12 ko 14 gwargwadon al'adar gari, kowane gida yana da rabonsa a ciki. Mai kula da rabon shi ne mirab. Kafin agogon hannu, yana zama da babban kasko cike da ruwa da ƙaramar tasar tagulla mai huji a gindi. A ɗora tasar, ta cika ta nutse, an ƙirga ɗaya. Mai tasa 10 ya samu nutsewa 10, sannan a toshe magudanarsa da laka a buɗe ta maƙwabci. Ana gadon wannan rabo, ana sayar da shi, ana bayar da shi wakafi, kuma kuɗin yasa gwargwadonsa ake biya.

Tsawon zagayen shi ke zaɓa wa manomi abin da zai shuka. Itace mai zurfin saiwa yana jure kwana 12. Kayan miya a Yuli ba za su jure ba, sai wanda ya haƙa ɗan tafki yana tara rabonsa. Sannan na ƙarshen magudana kullum shi ke cutuwa, domin busasshiyar hanya sai ta sha nata kafin ruwa ya isa gare shi.

Ɗan Lambu: Madalla. To abin da ake nomawa: alkama, sha'ir, dankalin Turawa, sai lambunan tuffa, almon, mishmish, alu mai zaƙi da ɗan tsami, da gerdu, itacen nan mai ƙwaya cikin ɓawo mai tauri da Larabawa ke kira jauz. Sanyin da mutum ke gudu shi waɗannan itatuwa ke nema. Yawancin irin tuffa na buƙatar awa 800 zuwa 1,200 ƙasa da digiri 7 a hunturu kafin su yi huda yadda ya kamata. In ba su samu ba, furen ya fito a warwatse, 'ya'ya su yi kaɗan. Shi ya sa rumman da ɓaure suka fi kyau a ƙasa wajen Kashan, tuffa da gerdu a sama.

Babban abokin gaba shi ne sanyin da ke dawowa bayan an ɗauka ya tafi. Almon da mishmish su ke fara fure, wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu a irin wannan tsayi. Buɗaɗɗen fure yana mutuwa a digiri 2 zuwa 3 ƙasa da sifili, ƙaramin ɗan da ya fara ƙullawa kuwa ko 1 ƙasa da sifili na iya ƙona shi. Daren da sama ta washe, iska ta tsaya, shi ne abin tsoro. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangaro ta kwanta a gindin kwari. Lambun da ke bakin kogi ya ƙone, wanda ke sama da shi da mita 30 ya tsira. Mai hankali yakan sa masu saurin fure a kan gangara, ya bar gindin kwari ga masu jinkiri. Ban ruwa kwana ɗaya kafin daren yana taimakawa don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi riƙe ɗumi, amma sai in rabonka ya faɗo a ranar.

Alkama a Oktoba ake shuka ta, ta tsiro, dusa ta rufe ta, ta tashi a bazara, a girbe wajen Yuli ko Agusta. Dusar bargo ce gare ta. Hunturu mai jaura ba dusa shi ke kashe ta.

Tunda kasuwa na nesa kuma hanya kan toshe, shanya ita ce ajiya. Busasshiyar iskar Agusta da Satumba ta dace da haka. Tuffa a yanka siriri, kauri kamar rabin santimita. Sai lavashak, wanda matan garin ke sayar wa baƙi a bakin ƙofa: a dafa alu ko tuffa har ya yi laushi, a tace ɓawo da ƙwallo, a mayar kan wuta ya yi kauri, a shimfiɗa a faranti milimita 2 zuwa 3, a rufe da siririn ƙyalle saboda ƙuda da ƙura, a bar shi a rana kwana 2 zuwa 4. In ya yi kauri, sama ta bushe ciki ya yi fumfuna. In ya yi siriri da yawa, ya karye wajen ɗagawa. Gerdu kuma a Satumba ake kakkaɓo shi da dogayen sanduna, a ɓare koren ɓawon nan take. Wanda ya bar shi a tsibi kwana da kwanaki, ɓawon ciki ya yi baƙi, ƙwayar ta ɓaci. Itacen da aka shuka daga ƙwaya yakan yi shekara 7 zuwa 10 kafin ya fara bayarwa, amma yana iya haura shekara 100.

Sarkin Magina: Tunda an zo kan karan alkama, bari in shigo, don ba a ginin Abyane sai da shi. Jan launin daga ƙasar wurin ne, tana da sinadarin ƙarfe mai yawa da ya yi tsatsa. Da ita ake buga tubali, da ita ake yaɓe, shi ya sa gida da dutse suka zama launi ɗaya.

Harsashi na dutse ne, a ɗaga shi sama da ƙasa don danshi da dusa kada su taɓa tubali. Bango mai kauri, rabin mita ko fiye a hawan ƙasa. Hawa biyu ko uku: ƙasa ajiya da dabbobi, ɗakin hunturu ƙarami mai ƙaramar taga, na rani a sama da baranda ta katako. A ɗakin hunturu akan yi korsi, wato gajeren tebur da kaskon garwashi a ƙarƙashi, a lulluɓe da babban bargo, iyali su zura ƙafafu. Garwashin sai ya ruru a waje ya daina hayaƙi kafin a shigo da shi, in ba haka ba iskarsa na kisa cikin barci. Tumaki da awaki kuma akwai kogunan da aka fafe musu a jikin tuddan bakin gari.

Rufin duk magini a ƙasar Hausa zai gane shi, soro ne. A shimfiɗa dogayen itatuwa miƙaƙƙu a madadin azara, tazarar rabin mita, a bi da katako ko rassa da tabarma, a zuba ƙasa santimita 20 zuwa 30 a daɓe, a rufe da kahgel, wato laka da aka cuɗa da yankakken karan alkama, ramnonsu ke nan. Sai an jiƙa shi ya kwana biyu ko uku ana tattakawa kafin a shafa. Kara ya yi kaɗan, yaɓen ya dare. Ya yi yawa, ya ƙi kama jiki. A ba rufin ɗan karkata zuwa indararo na katako mai tsawo, don ruwa ya faɗi nesa da bango. Akan barbaɗa gishiri don hana ciyawa tsira, bayan ruwa kuma a murza rufin da mulmulallen dutse ya toshe tsaga.

Dusa ba a barinta ta kwana. Santimita 30 na jiƙaƙƙiyar dusa ya kai kilo 90 a kowace murabba'in mita, a kan ƙasar rufin da ita kanta ta haura kilo 400. Nauyin ma ba shi ne mafi muni ba. Da rana ta narke ta shiga tsaga, da dare ta daskare ta buɗa tsagar, bayan mako ruwa ya kai ga kan itace inda ya shiga bango, ya fara ruɓa. Don haka a kwashe ta da shebur na katako, na ƙarfe yana yanka yaɓe. Kuma tunda a wurare da yawa rufin wani shi ne farfajiyar na sama da shi, sakacin gida ɗaya yana shafar biyu.

Baban Zainab: Ranka ya daɗe, wannan nauyin rufi a ƙasar girgiza fa? Kashan ta rushe a 1778, Bam kuma a Disamba 2003 ta rasa mutum fiye da 26,000, yawanci ƙarƙashin ginin ƙasa.

Sarkin Magina: Gaskiya ne, kuma kada son tsohon gini ya sa a ɓoye. Kowane sabon yaɓe da aka ɗora kan tsoho yana ƙara nauyi, don haka gyara na gari sai an kankare tsohon. Abin da ke taimakawa shi ne katakon da aka kwantar cikin bango ya ɗaure kusurwoyi, da itacen rufi da ya zauna sosai a kan bango yadda ba zai zame ba. Abin da ba ya taimakawa shi ne siminti. In aka shafe bangon ƙasa da shi, danshi ya rasa hanyar fita, ya taru a baya, sanyi ya daskarar da shi, wata rana fatar simintin ta ɓalle da naman bango a jikinta. Shimfiɗar kwalta a rufi ma haka, in ta huje wuri ɗaya ruwa ya shiga ba ya fita.

Mai Taswira: Ƙari kaɗan kan dalilin hawa jikin dutse. Garin yana kusan digiri 33 da rabi arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba rana ba ta tashi sama da digiri 33 ko da tsakar rana, yini kuma awa 10 ne. A Yuni tana kai digiri 80. Gidan da ke gindin kwari inuwar dutse za ta rufe shi a hunturu, ga iskar sanyin da Ɗan Lambu ya faɗa, ga ambaliya. A kan gangarar da ke samun rana, kowane gida yana leƙowa ta saman na gabansa ya sha hantsi. Sannan an bar shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ruwa ke iya kaiwa ga lambu, ba a ci ta da gini ba. Lungunan ƙunci da aka rufe samansu suna karya iska.

Hajiya Mai Nazari: Duk abin da kuka lissafa, yasa, ban ruwa cikin dare, kwashe dusa, yaɓe, aikin masu ƙarfi ne, kuma su ne babu. Ƙidayar 2006 ta samu mutum 305 a gidaje 160, ko mutum biyu ba su cika ba a gida ɗaya. A 2016 ma wajen 300 ne. Mutanen Abyane sun shahara da karatu, karatun kuma ya kai 'ya'yansu Tehran da Kashan da Isfahan. Suna dawowa a Nowruz, sabuwar shekarar Iran, wajen 21 ga Maris, da rani, da kuma Ashura, lokacin da ake ɗaukar nakhl, babban ginin katakon nan da maza ke zagayawa da shi a kafaɗa. A ranakun za ka ga mata da farin mayafi mai furanni da siket mai tattara, maza da baƙin wando mai faɗi. Da Janairu kuwa tsofaffi ne suka rage.

An sa garin cikin kayan tarihin ƙasa a 1975, ya shiga jerin masu jiran zama kayan tarihin duniya na UNESCO a 2007. Wannan ya kare fuskar gidaje. Bai kare lambu ba, kuma a nan nake jin ciwon abin. Baƙo yana biyan kuɗin shiga, ya sayi lavashak, ya ɗauki hoto, babu ko sisi da ya nufi yasar ƙanat.

Abu Safwan: Hajiya, ba don baƙin ba da yanzu rabin gidajen sun zube. Su ne suka sa aka gyara hanya, suka ba tsofaffin abin sayarwa.

Hajiya Mai Nazari: Ban ce a kore su ba, Malam. Na ce kuɗin ya bi ruwa. Baƙi suna cika garin a watannin da ruwa ya fi ƙaranci, masauki da wurin cin abinci kuma daga wannan ruwan suke sha.

Injiniyan Ruwa: Hajiya ta taɓa inda matsalar take a aikace. Gado ya raba rabon ruwa ɗaya tsakanin magada da yawa, kowa a wani birni. Ranar karɓar kuɗin yasa, mirab ba ya samun kowa. Hanyar da ke aiki ita ce a rubuta rabon kowa, a sa wakili ɗaya ga kowane gida, wanda ba ya noma ya ba da hayar lokacinsa ga wanda ke noma, a cire kuɗin yasa daga hayar tun kafin ta isa hannunsa. Yasar kanta a ƙarshen rani ta fi sauƙi, lokacin da ruwa ya ja baya, a kuma rufe bakunan rijiyoyi da faifan dutse kafin Nuwamba.

Sarkin Magina: Yaɓe ma lokacinsa ke nan, bayan girbin alkama an samu sabon kara, kafin sanyin farko. Kahgel yana son kamar mako biyu na bushewa ba tare da dare mai daskarewa ba. Wanda ya bari sai Nuwamba, ruwan da ke cikin lakar zai daskare kafin ta bushe, da bazara ta zubo gari-gari. Gidan da masu shi ke birni, a samu mutum ɗaya a garin a ba shi mabuɗi da ladan kwashe dusa daga Disamba zuwa Maris, a kuma duba indararo kafin ruwan farko.